Bashin Gwamnati da Bashin Ƙasa: Wa Ke Bin Wa?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba mu taɓa jin wanda ya musa wannan magana ba. Inda ake samun saɓani, musamman a karkara, shi ne ko bashin da gwamnati ta bai wa manomi daidai yake da wanda ya ci a hannun maƙwabcinsa. Duk wanda ya zauna a dandali ko ƙofar masallaci a ƙasar Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada ko Doguwa, a lokacin da aka ce masu karɓar bashi sun fara zagaye, zai ji ana ja-in-ja a kan wannan batu. Zai kuma yi mamakin ganin cewa dattijon da ba ya iya runtsawa da kwabon wani a kansa, shi ne a kan gaba wajen cewa kuɗin gwamnati rabo ne, wanda ya samu ya samu ke nan. To, wannan dattijo ba ɓarawo ba ne, ba kuma jahili ba ne. Saboda haka wajibi ne mu saurari hujjarsa da kunnen basira kafin mu yanke masa hukunci, domin ruwa ba ya tsami banza.

Mun zaɓi wannan yanki na kudancin Kano ne saboda a nan ne tambayar ta fi nauyi. Nan ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar, nan ne masara da dawa da shinkafa da rake da waken suya ke fitowa su cika kasuwanni irin su Kwanar Dangora da Tudun Wada. A nan ne madatsar ruwa ta Tiga take, a nan ne kuma dajin Falgore yake. Ke nan duk wani shirin gwamnati, na ba da rance ne ko na kare daji da ƙasar noma, sai ya bi ta ƙofar gidan waɗannan mutane.

Shirye-shiryen kuwa ba su da iyaka. A shekarar 1973, zamanin Janar Gowon, aka buɗe Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna. A 1976 Obasanjo ya zo da shirin ciyar da ƙasa, a 1977 aka kafa asusun lamunin manoma wanda ke tsaya wa bankuna har kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biya. Alhaji Shehu Shagari ya ƙaddamar da nasa juyin noman a 1980, a farkon shekarun 1980 ɗin nan kuma Jihar Kano ta kafa hukumar KNARDA da kamfanin KASCO. Bankin Talakawa ya zo a 1989, shirin Fadama ya biyo baya, a 2012 aka yi rabon taki ta wayar salula. Sai kuma babbansu, wato shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, inda Babban Bankin Nijeriya ya riƙa ba manomi iri da taki da maganin feshi, shi kuma ya biya da amfanin gona idan kaka ta yi. A farkon 2023 Babban Banki ya ce ya fitar da fiye da naira tiriliyan 1 a wannan shiri, kuma an dawo da wajen kashi 52 cikin ɗari. Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuwa cewa ya yi kashi 24 ne kawai suka dawo. Ko wanne aka ɗauka daga cikin alƙaluman nan biyu, abin da ya maƙale a hannun jama'a ba ɗan kaɗan ba ne.

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe bai koyi cin bashi daga gwamnati ba, ba kuma ita ta koya masa biya ba. Tun kafin a san banki akwai falle, inda mutum zai karɓi hatsi ko kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya biya da abin da ya fi haka idan an yi girbi. Akwai jinginar gona, akwai adashi, akwai biki da ake yi wa juna, wanda shi ma bashi ne ko da ba a kira shi da sunan ba. Wasu daga cikin waɗannan, musamman falle, sun fi na gwamnati tsanani nesa ba kusa ba, amma duk da haka ana biyansu. Me ya sa? Saboda mai bin bashin yana da fuska. Za a haɗu da shi a sahun Asuba, za a haɗu a wajen suna da jana'iza, kuma wata rana ɗanka zai je neman auren 'yar ƙaninsa. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya a ƙauye ya kashe kasuwar kansa da ta 'ya'yansa. Gwamnati kuwa ba ta da fuskar da za a ji kunya. Ba ta zuwa ta'aziyya, ba a ganin ramarta idan an ƙi biyan ta, kuma wanda ya kawo bashin yau, gobe an yi masa canjin wurin aiki.

Amma hujjar dattijon namu ta wuce rashin fuska. Idan aka matsa masa zai ce, a tsaya tukuna a yi lissafi, wa ke bin wa? Zai tuna mana cewa lokacin da aka gina Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974, dubban mutane ne aka tasa daga gonakinsu da kushewun iyayensu, ruwan kuma ya gangara ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ya kuma shiga famfunan birnin Kano. Zai ce shekara da shekaru iyayensa suka yi suna noma gyaɗa, hukumar ciniki na saye a farashin da ta ga dama, rarar da aka samu aka yi ayyuka da ita a birane. Zai ce takin da aka rubuta masa a takarda bai iso ba sai da masara ta wuce lokacin sa shi, irin da aka ba shi bai tsiro yadda ya kamata ba, kuɗin da aka ƙiyasta kayan kuma ya ɗara na kasuwa. Daga ƙarshe zai rage murya ya ce, ai kowa ya san waɗanda suka kwashi kaso mafi tsoka ba su san inda ake riƙe fartanya ba, to don me za a zo a kama shi a kan buhu huɗu? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Haƙiƙa akwai gaskiya a cikin kusan kowace gaɓa ta wannan magana, kuma duk marubucin da ya yi watsi da ita don ya samu saukin yin wa'azi, ya zalunci mai karatunsa. Sai dai gaskiyar gaɓoɓin ba ta kai mu inda dattijon yake so ta kai mu ba. Mu a ganinmu bashin gwamnati bashi ne, kuma biyansa wajibi ne ga mai hali. Dalilinmu na farko shi ne alkawari. Mutumin nan ba a ce masa kyauta ba ce, an ce masa rance ne, ya ji, ya amince, ya dangwala hannu. Idan yana ganin yana bin gwamnati haƙƙin Tiga ko na gyaɗa, to a ranar karɓa ya kamata ya faɗa, ba a ranar biya ba. Wanda ya karɓi abu da sunan aro alhali a zuciyarsa ya ƙudure cewa diyya ce, ya yi magana biyu, ko da kuwa da gaske ana zaluntarsa. Kuma idan aka buɗe wannan ƙofa, kowa ya zama alƙalin kansa, ya yanke wa kansa diyya, ya kuma biya kansa daga abin da ya faɗo hannunsa, to da wace hujja za mu tuhumi ma'aikacin da ya ce shi ma albashinsa bai kai wahalarsa ba, don haka ya rage buhu goma daga motar taki? Hujjarsu ɗaya ce, girman cokalin ne ya bambanta.

Dalili na biyu ya fi wannan zafi. Da a ce rashin biyan yana cizon wanda ya yi zaluncin, da sai mu ce ramuwar gayya ce. Amma ba ya cizon sa. Minista ba ya rage cin nama don manoman Yako ko Kafin Maiyaki sun ƙi biya. Wanda abin ke faɗa wa shi ne maƙwabcin da bai samu shiga bana ba, aka ce ya jira baɗi idan kuɗi sun dawo, da kuma matashin da ya yi aure bara yake neman abin da zai fara da shi. Bayan da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar Babban Banki a 2023, bankin ya janye hannunsa daga irin waɗannan shirye-shirye, kuma tarin bashin da bai dawo ba yana cikin abin da aka yi ta nunawa. Rijiyar da aka jefa wa ƙasa ta gari ce, kowa kuma ya koma hannun mai falle. Gwamnatin da muka ce ba ta da fuska, ashe tana da ita, fuskar mutumin da ke bayanka ce a layi.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka mun zama 'yan kanzagin masu karɓar bashi. Kuskuren da hukuma ke yawan yi shi ne ta zuba mutum uku a buhu ɗaya ta kira su waɗanda suka ƙi biya. Akwai wanda ya noma, ya samu, ya sayar, ya ƙara aure ko ya sayi babur, ya ce gwamnati ta sha ruwa. Akwai wanda bai taɓa noma ba, sunansa kawai aka sa a takarda don yana da uwa a gindin murhu, ya karɓi taki ya sayar a bakin sito. Akwai kuma wanda ya yi duk abin da aka ce ya yi, sai ambaliya irin ta 2022 ta shafe gonar, ko tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta cinye ta, ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bunni. Na farko mayaudari ne, na biyu ɓarawo ne tare da wanda ya rubuta sunansa, na uku kuwa mai jarrabawa ne, kuma kai shi gaban alƙali tare da waɗancan biyun zalunci ne tsagwaronsa. Abin takaici, shi ne ya fi sauƙin kamawa, domin shi ne ba shi da wanda zai buga wa waya.

Addinin da mafi yawan mutanen wannan yanki ke bi bai bar wannan fage ba tsari. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma mutane sun fi riƙe umarnin a rubuta da a kafa shaidu. Akwai wani abu a cikinta da ba a cika ambata ba, wato wanda ake bi bashin shi ne aka ɗora wa yin shiftar abin da za a rubuta. A auna wannan da halin manomin da aka miƙo wa takarda cikin Turanci, aka nuna masa inda zai dangwala, bai san nawa aka ƙiyasta buhun taki ba, bai san ko an cire kuɗin inshora ba, balle ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan gona ta lalace, alhali tun 1987 aka soma shirin inshorar manoma a ƙasar nan. Ayoyi biyu kafin wannan kuma an yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. A littafin Risala da almajirai ke karantawa a zaurukanmu akwai hukuncin ja'iha, inda ake rage wa wanda ya sayi 'ya'yan itace a bisa bishiya kuɗi idan annoba ta halaka sulusi ko fiye. Hukuncin na ciniki ne, ba na rance ba, amma hikimarsa a fili take: asarar da ta sauko daga sama ba a jibga wa mai rauni ita shi kaɗai. Batun kuɗin ruwa kuwa, wanda ya hana mutane da yawa masu tsantseni kusantar waɗannan shirye-shirye tun farko, mun bar wa malamai, sun fi mu sanin makamarsa.

Haka nan mai ba da bashi ba ya da ikon ya rusa kasuwar wanda yake bi, sannan ya zo yana tambayar kuɗinsa kamar ba abin da ya faru. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage haraji na ɗan lokaci a kan shigo da masara da shinkafa da alkama don sauƙaƙa wa mutanen gari, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai alhali taki bai sauko ba. Mai sayen tiya a birni ya yi hamdala, kuma yana da gaskiyarsa. Amma manomin da ya ci bashi a kan lissafin tsohon farashi, wa zai ji kukansa? Idan hannun dama ya ba ka rance, hannun hagu kuma ya karya darajar abin da za ka biya da shi, adalci ya ce a zauna a sake lissafi.

To, duk wannan a kan bashi ɗaya ne, wanda ake rubutawa a takarda. Akwai na biyu da ba a rubutawa, kuma shi ne ya fi damun mu, wato bashin da ƙasar noma ke bin mai noma ta. Duk damin da aka ɗauke daga gona an ɗauke shi ne da wani abu na jikin ƙasar, kuma kakanninmu sun san haka ba tare da sun shiga makarantar aikin gona ba. Shi ya sa suke barin saura ta huta, suke gayyatar Fulani su kwana da shanu a gona bayan girbi, suke haɗa gero da wake a kunya ɗaya, suke barin gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsakiyar gona. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna yadda manoma suka riƙe ƙarfin gonakinsu shekaru aru-aru ba hutu, da takin gida da toka da shara da jakuna ke fitarwa a mangala. Wannan biyan bashi ne, ana ci ana mayarwa.

A nan ne gizo ke saƙa, domin bashin nan biyu ba agogo ɗaya suke bi ba. Na gwamnati wata shida ne ko shekara, a karɓa da shuka a biya da kaka. Na ƙasa kuwa da shekaru ake auna shi. Gawon da aka bari yau sai ɗan da ke goye ya isa kiwo kafin a ga cikakken amfaninsa. Mutumin da wa'adi ya matsa wa ba ya da sararin tunanin shekara goma. Zai shuka masara zalla bana, ya maimaita baɗi, domin ita aka ba shi bashi a kanta, ya zuba takin zamani ba tare da na gida ba har ƙasar ta yi tsami ta gaji, wuta-wuta ta mamaye ta. Zai sayar da kara da harawa maimakon ya bar wani abu ya ruɓe a gona. Idan kuma kaka ta zo ba auki, ga masu karɓa a ƙofa, sai ya ɗaga kai ya dubi ɗorawar da kakansa ya bari, ya kira masu gawayi. Ya fita kunyar banki, amma da me ya biya? Ya ciro daga aljihun jikansa ne ya ba gwamnati, kuma babu wani littafin lissafi a Abuja da zai nuna an yi asara. A takarda wannan mutum shi ne manomin kirki.

Mu duba Falgore, wanda asalinsa gandun dajin Kogin Kano ne tun zamanin Turawa a shekarun 1940, aka mayar da shi wurin kare namun daji a shekarun 1960. Ta cikinsa Kogin Kano ke ratsowa kafin ya zuba a Tiga, kuma itatuwansa ne ke riƙe ƙasa kada ta bi ruwa ta cike madatsar. Ana gaya wa mutumin Doguwa da Tudun Wada kada ya sari itace, kada ya faɗaɗa gona, ana gaya wa makiyayi kada ya shiga da shanu. Umarnin daidai ne, mun yarda. Amma wa ke cin moriyar haƙurin nasu? Mai tumatir a Kadawa, da mai buɗe famfo a birni. Wanda ke gindin dajin shi ke ɗaukar nauyi, wanda ke nesa shi ke shan romo, kuma ba mu taɓa ɗaukar cewa akwai wani haƙƙi a tsakaninsu ba. A nan kam dattijon namu ya yi gaskiya da ya ce a tsaya a yi lissafi, sai dai ya kai ƙararsa kotun da ba tata ba.

Wasu ƙasashe sun gane wannan bayan sun sha wuya. A Amurka, a shekarun 1930, fari da guguwar ƙura sun kwashe ƙasar noma a tsakiyar ƙasar har dubban iyalai suka yi hijira, abin da ya sa aka kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935. A 1985 suka yi dokar da ta sa gwamnati ke biyan manomi haya ta shekara 10 zuwa 15 don ya huta da gonar da ke zaizayewa, ya shuka mata ciyawa ko itatuwa, suka kuma ce wanda ke noma irin wannan ƙasa ba tare da tsarin kare ta ba, ba shi ba rancen gwamnati. Ba muna cewa a kwafo nasu ba ne, domin mai kadada ɗaya da iyali goma ba ya da gonar da zai ajiye. Misalin da ya fi kusa da mu yana Maraɗi. Tun daga 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka farfaɗo da dabarar barin kututturen itacen da ke tohowa a gona, a rage masa rassa a bar masu ƙarfi, abin da ake kira sassabin zamani. Ba a kai shekara talatin ba aka ƙiyasta cewa wajen kadada miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Jamhuriyar Nijar. Ba rance aka ba su ba. Babban abin da ya canza shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

Wannan batu na tabbaci yana da muhimmanci a wajenmu, domin tun Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma akasarin manoman karkara ba su da takardar da banki zai karɓa jingina. Ga kuma masu noma gonar haya ko ta aro ko ta jingina, waɗanda ko sun so dasa itace mai gona ba zai bari ba, don gudun kada gobe a ce gonar ta zama tasu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan hanyoyin mallakar ƙasa da raya matacciyarta, kuma al'adarmu ta san hurumi da burtali da makiyaya. Ba baƙon tunani ba ne a wurinmu cewa akwai abin da yake na jama'a, wanda kare shi nauyin jama'a ne.

Saboda haka matsayinmu shi ne a raba abu biyu da aka saba cakuɗawa. Abin da amfaninsa zai dawo aljihun manomi a cikin shekara, kamar iri da taki da injin ban-ruwa, a ba shi rance, a kan lokaci, da farashin da ya sani, cikin harshen da yake ji, sannan a karɓa ba sani ba sabo, a fara da manya. Abin da kuwa amfaninsa na jama'a ne kuma na nesa, kamar toshe kwazazzabo, da barin itatuwa a gaɓar kogi, da tsare bakin daji, wannan aiki ne ya yi wa al'umma, lada ya kamata a biya shi, a bayyane, bayan an zo an ga aikin da ido. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kano na ciki. Kada mu manta su ma waɗannan kuɗi rance ne a wuyan ƙasa, jikokin manoman nan na cikin masu biya, don haka suna da haƙƙin su tambayi nawa ne ya isa gaɓar Kogin Kano.

Za a ce mana, yanzu sai an biya mutum kafin ya kula da gonar ubansa? Ashe ba wajibinsa ba ne? Wajibinsa ne, amma wajibi yana tafiya da iko, kuma ba a tambayar mai jin yunwa a watan Agusta dalilin da ya sa bai yi tanadin shekara ashirin ba. Za a kuma ce, ai ladan ma waɗancan masu sunayen bogi ne za su kwashe. Wannan tsoro ne na gaskiya. Abin da za mu ce kawai shi ne, buhun taki ana iya karkatar da shi cikin dare, amma itacen da aka ce an raina ko dai yana tsaye a gona ko ba ya nan, kuma duk ƙauyen sun sani. Idan aka karanta sunayen masu karɓa da abin da kowa ya karɓa a bainar jama'a, a ƙofar gidan dagaci ranar kasuwa, rance ne ko lada, to an mayar wa gwamnati fuskar da ta rasa, kunya kuma za ta dawo ta yi aikin da ɗan sanda ya kasa.

Ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke cewa sun rasa jigo, ga shi nan a ƙofar gida. Labarin mugun jami'i da talaka salihi an sha ba da shi, kuma ba ya buƙatar wani ƙoƙari. Wanda ke jiran alƙalami shi ne na mutumin kirki da ya tsaya tsakanin bashi biyu, takardar banki a aljihunsa, wa'adi saura kwana bakwai, mai gawayi ya riga ya yi tayi, matarsa kuma tana tuna masa cewa daga wannan ɗorawar take samun kalwar da take daddawa ta sayi sabulu da littafin yara. Wanda zai rubuta shi sai ya je Doguwa ko Kiru da kaka, ya zauna, ya tambayi nawa ake sayen itacen ɗorawa a tsaye, nawa kuma take bayarwa a shekara idan an bar ta.